Lamba Bakwai na Masu Gida: Tarihin Ahmed Musa

Ba a Kano aka binne cibiyar Ahmed Musa ba. A Jos aka haife shi ranar 14 ga Oktoba, 1992, a Bukuru kuma ya yi wayo. Kakar wasa ɗaya tak ya buga wa Kano Pillars kafin ya haye Turai. Amma je ka majalisar samari a Dambatta ko Bichi ko Kunci ko Tsanyawa ka ce shi ba ɗan Kano ba ne, ka ga yadda za a yi maka ca. A wurinsu magana ta ƙare tun 2010, shekarar da yaro ɗan 17 ya zura ƙwallo 18 a gasar ƙasa sanye da rigar Masu Gida, wato Pillars. Duk abin da ya biyo baya, daga Mosko zuwa Ingila, daga Brazil zuwa Riyad, ɗansu ne ya tafi nema.

Allah ya ba shi gudu, wannan kowa ya sani. Amma masu gudu suna da yawa a ƙasar nan, kuma mafi yawansu ba a san sunansu ba ko a ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da tasu. Abin da ya bambanta Ahmed Musa shi ne a kowane zango na rayuwarsa ya sami wurin da zai yi gudun, ya kuma sami wanda zai gan shi yana yi. Inda ya rasa wannan, shi ma ya durƙushe kamar kowa.

Bukuru da Jos

Kuza ce ta tara mutane a Bukuru. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka buɗe haƙar ma'adinai a tsaunukan Filato, leburori da 'yan kasuwa suka kwararo daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi, wasu kuma daga kudu. Garin ya zama mahaɗa, Hausa ta zama harshen kasuwa da na filin wasa. Gidan su Ahmed kansa haka yake: mahaifinsa Musulmi ne, mahaifiyarsa Kirista ce 'yar asalin jihar Edo. Yana ƙarami mahaifin ya rasu, ɗawainiyar gida ta dawo kan uwar.

Jos tsohon gidan tamaula ne. Ƙungiyar Mighty Jets ta can ita ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972. A garin Mikel Obi ya tashi, ya bi ta Plateau United kafin duniya ta san shi. Iskar wurin mai sanyi ce, filaye kuma ga su nan birjik a tsakanin unguwanni da tsofaffin ramukan kuza, yaro zai iya buga ƙwallo rani da damina. Sannan akwai ƙananan makarantun koyon ƙwallo masu koci da rajista, waɗanda ke da hanyar kai yaro gaban manyan ƙungiyoyi. Ɗaya daga cikinsu ita ce GBS, kuma nan Ahmed ya samu shiga.

GBS ta ba da shi aro ga JUTH, ƙungiyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wadda a lokacin take buga babbar gasar ƙasa. Ya buga wasa 18, ya ci ƙwallo 4. Ba adadi ba ne mai tayar da hankali, amma ga yaro siriri ɗan shekara 16 da ke karawa da ƙartin 'yan baya masu iyali, ya isa a lura da shi. Masu Gida suka lura, suka karɓe shi aro a 2009.

Shekara guda a Ƙofar Mata

Pillars ɗin da ya tarar ba ƙaramar ƙungiya ba ce. An kafa ta a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku na Kano: WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta ci gasar ƙasa karo na farko a 2008. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, bayan an yi 1-1 a Kano da 2-2 a Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata kuwa ya zama wurin da baƙo ke shiga da fargaba, domin daga 2003 har zuwa 2015 babu ƙungiyar da ta doke Pillars a can a wasan gasar ƙasa.

Mai bugawa a irin wannan fili ba ya ɓuya. Idan ka yi kyau, kafin magariba sunanka ya kai Kurmi da Kantin Kwari da tashar Ƙofar Ruwa. Idan ka yi shirme, nan take za ka ji shi daga bakin 'yan kallo. Salon Ahmed mai sauƙin ganewa ne. Yakan tsaya a gefe, kusa da layi, kamar ba ruwansa da wasan. Da zarar ɗan tsakiya ya ɗaga kai, sai ya zabura ya bi bayan mai tsaronsa, a jefa masa ƙwallo gaba, shi ke nan sai dai a bi shi da kallo. Ba mai yawan yanka ba ne irin su Okocha. Taɓawa ɗaya ko biyu, ya wuce.

A kakar 2009 zuwa 2010 ya ci ƙwallo 18. Kafin nan tarihin yana hannun Ishaya Jatau na Iwuanyanwu Nationale, wanda ya ci 17 a 1990, shekarar da aka haifi ita Pillars ɗin, kuma shekara 20 ba wanda ya taɓa shi. Pillars ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba ta Aba. Tarihin nasa bai daɗe ba, Jude Aneke ya ci 20 a kakar da ta biyo, Mfon Udoh ya ci 23 a 2014. Sai dai aikin da ƙwallayen 18 za su yi sun riga sun yi shi. Ranar 5 ga Satumba, 2010, aka sako shi a wasan Najeriya da Madagaska na neman gurbin kofin Afirka, bai cika 18 ba.

Yadda labarin ya isa karkara

Wanda ya bi hanyar Dambatta ko ta Bichi da damina ya san cewa arewacin Kano ba shi da daji. Gona tana jingine da gona tun daga bakin birni, gero da dawa da gyaɗa da wake, sai ɗorawa da kuka da gawo a tsaitsaye a tsakani. Ƙasa ce da ake nomawa kowace shekara ba hutu, taki ne ke riƙe da ita, tun zamanin da jakuna ke shiga birni da itace su fito da shara. Duk rabon gado kuma ƙara tsaga gonar yake yi. A wurin da taku goma na ƙasa ke iya kai 'yan uwa gaban alƙali, wa zai ware kadada guda don yara su yi guje-guje?

Saboda haka ƙwallon ƙauye tana da lokacinta da wurarenta. Akwai filin firamare, idan ba a yanka shi an yi shaguna ba. Akwai filin idi, idan limamai da dattawa sun kau da kai. Sai kuma gonaki bayan an kwashe amfani, inda yara ke tumɓuke tushiyar kara da hannu, su kafa sanda biyu a matsayin raga, su buga ba takalmi. Wanda tushiya ta taɓa huda wa tafin ƙafa ba ya mantawa. Da ruwa ya sauka an tashi wasa, kowa ya ɗauki fartanya, daga shuka sai noman firi sai maimai. Da an yi girbi kuma manyan samarin da suka fi iya wasan sun tafi cirani. Gasar cin rago ko ta kofin ciyaman takan zo ta wuce, a yi murna, a raba nama, ba wanda ya rubuta sunan yaron da ya fi kowa.

A irin waɗannan garuruwa rediyo ce ta fara kai sunan Ahmed Musa. Ran wasan Pillars za ka ga an kewaye akwati ɗaya a teburin mai shayi, mai sharhi yana ta kwarara ihu daga Ƙofar Mata. Masu hali su hau motar haya su shiga birni su gani da idonsu, su dawo da labari har da ƙari. A shekarun nan ne kuma gidajen kallon ƙwallo suka bazu har ƙananan garuruwa: rumfar kwano ko zana, bencina a jere, janareto yana ruri a baya, allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Samarin da ke zama a bencinan nan sun rabu, wasu Arsenal, wasu Chelsea, wasu Manchester United, suna musu kan mutanen da ba su san da zamansu ba. Ahmed Musa ne ya fara ba su wanda suka ji a rediyon gida, daga baya kuma suka gan shi a cikin talabijin ɗin, yana magana da harshensu idan an yi hira da shi.

Venlo da Mosko

Ƙungiyar da ta saye shi ba shahararriya ba ce. VVV-Venlo ƙaramar ƙungiya ce a wani gari na Holan da ke bakin iyakar Jamus, a lokacin kullum tana fafutukar kada ta faɗi daga rukunin farko. Dokar FIFA ta hana a kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, don haka sai da ya jira watan Oktoba na 2010 kafin ya fara bugawa. Masu son a ce ɗansu yana babbar ƙungiya sun ɗan ji ba daɗi, amma zaɓin ya yi masa rana. A Venlo ba benci ya je ɗumamawa ba. Ƙungiya mai rauni takan ja baya ta tsare gida, ta jira ta sami ƙwallo ta wurga wa mai gudu, wato daidai abin da ya iya. A can ya koyi tsayuwa a inda koci ya ce, da komowa taya 'yan baya, da kauce wa satar gida. A 2011 kuma ya je Kolombiya da 'yan ƙasa da shekara 20, ya ci ƙwallo 3 a gasar duniya.

A Janairun 2012 CSKA Mosko ta ɗauke shi, ta hanyar da ɗan Japan Keisuke Honda ya bi shekara biyu kafin nan daga ita Venlo ɗin. Ya sauka Rasha a tsakiyar hunturu, sanyin da na Jos bai kama ƙafarsa ba. Kocin ƙungiyar, Leonid Slutsky, ya fara sa shi a gefe. Da ciwon baya ya kwantar da Seydou Doumbia ɗan Kodebuwa, wanda shi ne mai ci musu ƙwallo, sai aka matso da Ahmed tsakiya. Ya ci 11 a gasar 2012 zuwa 2013, CSKA ta ɗauki kofin gasar, ta haɗa da kofin ƙalubale na Rasha, inda shi ya ci ƙwallonsu a wasan ƙarshe da Anzhi kafin a je bugun fenariti. Suka sake cin gasar a 2014 da 2016, kuma a ta 2016 ɗin ya zura 13. Shekara huɗu da rabi da ya yi a Mosko su ne ƙashin bayan sana'arsa: koci ɗaya da ya yarda da shi, abokan wasa irin su Alan Dzagoev masu iya zura ƙwallo ta tsakanin 'yan baya, da tsarin da aka gina don a buɗe masa hanya.

Kofin Afirka da daren Porto Alegre

Kocin Najeriya Stephen Keshi ya tafi kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 2013 da tawagar da mutane da yawa suka raina, har da 'yan wasan gida irin su Sunday Mba da Godfrey Oboabona. A wasan kusa da na ƙarshe da Mali a Durban, Ahmed ya shigo daga benci ya ci ta huɗu, aka tashi 4-1. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, ƙwallon Sunday Mba ta ba Najeriya nasara a kan Burkina Faso, kofi na uku bayan na 1980 da 1994.

Gasar duniya ta 2014 ta zo wa Arewa a mummunan lokaci. Ranar 17 ga Yuni bam ya tashi a wani gidan kallo a Damaturu ana kallon wasan Brazil da Meziko, mutane da dama suka rasu. Iyaye suka riƙa hana 'ya'yansu zuwa kallo, wasu jihohi suka rufe gidajen baki ɗaya. Ranar Laraba 25 ga wata, da ƙarfe 5 na yamma agogon Najeriya, aka take wasa da Ajantina a Porto Alegre. A karkarar Kano lokacin tashi daga gona ne, kwana kaɗan kafin azumi. Wanda ya tsaya wanke ƙafa ya rasa ƙwallo biyu. Messi ya ci a minti na 3. Ba a gama jimami ba, a minti na 4, Michael Babatunde ya miƙa wa Ahmed a gefen hagu, shi kuma ya karkato ciki ya lanƙwasa ta da ƙafar dama, ta wuce hannun Sergio Romero ta faɗa can kusurwa. Messi ya ƙara da bugun tazara ana dab da hutun rabin lokaci. Ana dawowa, a minti na 47, Ahmed ya yi ba-ni-in-ba-ka da Emmanuel Emenike, ya ratsa tsakiya ya sake farkewa. Marcos Rojo ya ci ta uku, aka tashi 3-2. Najeriya ta sha kashi amma ta wuce zagaye na biyu, inda Faransa ta fitar da ita. Shi kuwa ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ci biyu a wasa ɗaya na gasar duniya.

Inda hanya ta toshe

A Yulin 2016 Leicester City, wadda ta ba duniya mamaki da cin gasar Firimiya watanni biyu kafin nan, ta biya kimanin fam miliyan 16 ta saye shi, kuɗin da ba ta taɓa kashewa a kan ɗan wasa ba zuwa ranar. A wasan share fage da Barcelona a Stockholm ya ci biyu, ɗaya daga ciki da gudun da ya faro tun daga tsakiyar fili. Gidajen kallo suka ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Leicester ta ci kofinta ne da kai farmakin ba-zata, amma da ta zama zakara sai abokan karawa suka daina buɗe mata baya. N'Golo Kanté, wanda ke ƙwato ƙwallon da ake kai farmakin da ita, ya koma Chelsea. Gurbin mai gudu a gaba kuma yana da mai shi, Jamie Vardy. Aka riƙa jefa Ahmed yau hagu, gobe dama, jibi benci. Ya ci Crystal Palace da Tottenham a watan Oktoba, ya ci Everton biyu a kofin FA a Janairun 2017, daga nan sai shiru. Aka sallami Claudio Ranieri, kocin da ya kawo shi, a watan Fabrairu, waɗanda suka gaje shi kuma ba su da shi a lissafi. Ingarman doki ne aka ɗaure a turke, ana kuma tambayar me ya sa ba ya sukuwa. Ƙwallo 2 kacal ya ci a Firimiya. A majalisu aka fara cewa dama gudu ne kawai, ba ƙwallo.

Da ya ga gasar duniya na matsowa ba ya bugawa, sai ya koma CSKA aro a Janairun 2018. Wasu sun kira shi ci baya. Shi dai ya san inda ake ba shi fili.

Juma'ar Volgograd

Kocin Najeriya Gernot Rohr bai fara da shi ba a wasan farko na gasar duniyar da Kuroshiya, aka ci Najeriya 2-0 ba tare da ta yi wani abin kirki ba. Ranar Juma'a 22 ga Yuni, 2018, mako guda bayan ƙaramar Sallah, aka sa shi a gaba tare da Kelechi Iheanacho a karawa da Iceland a Volgograd. Rabin farko ya wuce ba ko harbi ɗaya. A minti na 49 Victor Moses ya kwaso ƙwallo ta dama ya kwaɗo ta tsakiya. Ta zo wa Ahmed a sama, ba daidai ba. Ya miƙa ƙafar dama ya sauke ta, ta yi tsalle ɗaya, ya ɗirka ta a ragar Hannes Halldorsson. Wannan taɓawa ta farko ita ce amsar masu cewa gudu ne kawai. A minti na 75 kuma ya nuna musu gudun: Kenneth Omeruo ya doko ta daga baya, Ahmed ya tsere wa Kari Arnason ta gefen hagu, ya kewaye gola, ya tsaya ya duba, ya zaɓi inda zai sa ta tsakanin 'yan baya biyu da suka koma kan layi. Aka tashi 2-0. Ƙwallo 4 ke nan a gasar duniya, babu ɗan Najeriyar da ya kai haka. Kwana huɗu bayan nan Rojo ɗin dai ya sake cin Najeriya ana saura minti huɗu, aka dawo gida.

A shekarar nan akwai wani haifaffen Najeriya, sa'ansa, da ya yi irin wannan farfaɗowa a wani wasan dabam. Nelson Agholor an haife shi a Legas a 1993, iyayensa suka kai shi Amurka yana ɗan shekara 5. A ƙwallon Amurkawa, wadda ake jifa da hannu, aikinsa shi ne ya tsaya a gefe, ya tsere wa mai tsaronsa, ya cafke ƙwallon da aka jefo masa daga nesa, kusan aikin Ahmed ke nan. Shi ma ya yi shekara biyu magoya bayan Philadelphia Eagles suna yi masa tsiya kan sakin ƙwallo, sai ga shi a Fabrairun 2018 ya cafke 9 a wasan ƙarshe na Super Bowl, suka doke New England Patriots 41-33. Bambancinsu yana hanyar da kowa ya bi. Agholor ya tashi daga ƙungiyar makarantar sakandare a Tampa, ya shiga ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, aka zaɓe shi na 20 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2015. A can kowace makaranta tana da fili da koci da littafin da ake rubuta abin da yaro ya yi, mai gudu ba ya ɓata. A nan sai an yi dace.

Riyad, sannan gida

Bayan gasar duniyar Ahmed ya koma Al-Nassr ta Riyad a Agustan 2018, shekaru kafin zuwan Cristiano Ronaldo ya sa idon duniya ya koma can. Ya ci gasar Saudiyya da su a kakarsa ta farko, a cikinta kuma ya yi rashin mahaifiyarsa a Janairun 2019. A shekarar Najeriya ta zo ta uku a kofin Afirka a Masar, Mikel ya yi ritaya daga buga wa ƙasa, kyaftin ya dawo hannunsa. Suka rabu da Al-Nassr a Oktoban 2020, ya yi wata shida ba ƙungiya.

A Afrilun 2021 ya yi abin da manyan 'yan wasanmu ba su saba yi ba: kyaftin ɗin Super Eagles ya dawo gasar gida, ya sake sa rigar Pillars. Zaman bai yi tsawo ba, ya tafi Turkiyya, ya buga wa Fatih Karagumruk, sannan Sivasspor. A tsakanin nan ya zarce Joseph Yobo da Vincent Enyeama, masu wasa 101 kowannensu, ya zama wanda ya fi kowa buga wa Najeriya. A kofin Afirka na Kodebuwa a farkon 2024, inda masu masauki suka ci Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe, yawanci a benci yake, babban yaya ne mai riƙe kan ƙanne.

Ita ma Pillars ta ga tasku a shekarun. Bayan kofunan 2012 da 2013 da 2014 da kofin ƙalubale na 2019, ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023. A Oktoban 2024 Ahmed ya sake komowa, yana dab da cika 32, ya ci Sunshine Stars biyu a wasansa na farko. Gudun ya ragu, amma sanin inda za a tsaya ya ƙaru. A Yulin 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Bai daɗe a kujerar ba ya ɗanɗana ɗacinta: a watan Oktoba 'yan kallo suka kutsa fili bayan wasa da Shooting Stars ta Ibadan, aka rage wa Pillars maki 3, aka kore ta daga Ƙofar Mata zuwa Katsina.

Dukiyarsa ma a gida ya zuba ta. Tun 2017 ya buɗe cibiyar wasanni da motsa jiki a Hotoro da gidan mai a Kano, ya gina makaranta a Bukuru. Da labari ya fito a 2022 cewa Kingsley Obiekwu, ɗaya daga cikin waɗanda suka ci zinare a Atlanta a 1996, yana tuƙin motar haya, Ahmed ya aika masa naira miliyan 2. Irin wannan ne ya sa ko waɗanda ba su damu da ƙwallo ba suke sa masa albarka.

Sai dai kyauta daban, gini daban. Hanyar da ta fitar da shi tana da matakai a jere: makarantar ƙwallo a unguwa, ƙaramar ƙungiya a gasar ƙasa, Pillars, ƙaramar ƙungiya a Turai, sannan babba. Yaron Makoɗa ko Ɓagwai ko Minjibir matakin farkon ne ba shi da shi, kuma ba kuɗi mai yawa yake ci ba. A hana yanka filayen firamare, a sa gasar ƙananan hukumomi ta zama ta kowace shekara a lokacin da samari ke gida, tsakanin girbi da tafiya cirani, a kuma tura wanda zai zauna a bakin fili da biro da takarda a madadin Pillars. Ɗan wasa ba shi da ikon yin wannan, amma manajan ƙungiyar jiha mai ƙananan hukumomi 44 yana da bakin da za a saurara. Ƙwallayensa 4 na gasar duniya sun riga sun shiga littafi. Aikin ofis kuwa za a auna shi ne da yawan yaran karkarar Kano da suka sa rigar Masu Gida a zamaninsa.